Auren Wuri da Yawan Iyali: Al'ada da Sharuɗɗanta

 



Mas'alar da aka ɗora mini in yi bayani a kanta, wato auren wuri da yawan iyali, tana daga cikin mas'alolin da mutum ba ya buɗe baki a kansu a ƙasar nan face an riga an yanke masa hukunci: in ya yaba a ce baƙauye ne, in ya kushe a ce ɗan koren Turawa ne. Abin da nake so in tabbatar a gabanku shi ne, wannan al'ada da muka gada daga kakanni ba tsirara ta zo mana ba, ta zo ne tare da sharuɗɗa masu nauyi waɗanda suka sa ta zama alheri a wurinsu, kuma mafi yawan ɓarnar da muke gani a yau ta samo asali ne daga riƙe al'adar da muka yi bayan mun yar da sharuɗɗan.

Sai mu fara da gandu, domin wanda bai san gandu ba ba zai fahimci dalilin da ya sa Bahaushe yake cewa 'ya'ya arziki ne ba. A ƙauyukan Zazzau da Katsina da Kano, kamar yadda manya suka ba mu labari, kuma kamar yadda Polly Hill ta rubuta bayan zaman da ta yi a Batagarawa, 'ya'ya maza, har waɗanda suka yi aure, suna fita gonar uba tun da sassafe su yi noma har azahar, sa'an nan da la'asar kowa ya nufi gayaunarsa, wadda amfaninta nasa ne shi kaɗai. Shi kuma maigida, a madadin wannan ƙarfi da aka ba shi, shi ke buɗe rumbu ya auna hatsin gida, shi ke biyan haraji, shi ke sayen fartanya da garma, kuma shi ke yi wa ɗa auren fari, tun daga sadaki har zuwa ragon suna. Saboda haka saurayin da aka yi wa aure bai ɗauki nauyin gida shi kaɗai ba, amaryar da aka kawo kuwa ba ɗakin haya aka kai ta aka rufe ba. Cikin babban gida ta shiga, inda akwai uwar miji da matan wa da kakanni, waɗanda za su koya mata girki, su karɓe mata goyo, su tsawata wa mijin in ya ƙetare haddi. A irin wannan gida, kowace haihuwa ƙarin hannu ce a gona, ƙasa kuwa ga ta nan shimfiɗe, wanda ya so ƙari sai ya nemi izinin mai gari ya sari daji.

Fa'idojin da aka samu ba ƙanana ba ne, kuma zalunci ne mu raina su. An tsare samari da 'yan mata daga fasadi, an san nasabar kowa, tsoho bai kwana da yunwa ba muddin yana da ɗa, alhali babu fansho babu banki; a zamanin da ƙyanda da agana da sanƙarau ke shiga gari su share yara, wanda ya haifi goma yana fatan biyar su tsaya. Jama'a ma ba ta bar wanda ya ƙi aure ya sarara ba, shi ya sa har yau a watan azumi Nalako yake fita tashen gwauro a birnin Kano, ana raha, amma raha ce mai ɗauke da hukunci.

Akwai kuma wani sharaɗi da ake yawan mantawa da shi. Kakanninmu mata ba sa haihuwa kowace shekara. Mace mai cikin fari takan tafi gidan iyayenta goyon ciki, ta haihu a gaban uwarta, ta yi wankan jego na kwana arba'in. Bayan haka tana shayarwa har kusan shekara biyu, daidai da abin da Suratul Baƙara ta ambata, kuma wadda ta yi rurrutsa kafin yaye, abin kunya ne a gare ta da mijinta, har tsofaffi su yi ta zunɗe. Ashe ke nan tazarar haihuwa, wadda wasu ke gudu yanzu kamar baƙon abu, a gida muka same ta.

To, ina gandun yake a yau? Gonar da kaka ya noma shi kaɗai an raba ta gado tsakanin 'ya'ya, aka sake raba ta tsakanin jikoki, har a karkarar Kano mutum zai nuna maka kunya goma sha biyu ya ce gonarsa ke nan. Dajin da ake sara ya ƙare, burtalin makiyaya ma an nome shi, kuma kowa a nan ya san rikicin da wannan ya jawo tsakanin manoma da makiyaya. Ƙidayar 1963 ta ce mutanen Nijeriya miliyan 55 ne da ɗoriya, ta 2006 ta ce miliyan 140, a ciki Jihar Kano kaɗai tana da fiye da miliyan 9, bayan an riga an cire mata Jigawa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa, a tsakatsaki, mace a Jihar Katsina tana haihuwar 'ya'ya bakwai da ɗoriya, mace a Legas kuwa uku da ɗoriya. Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar, waɗanda harshenmu ɗaya da na Maraɗi da Damagaram, bincikensu na 2012 ya nuna kashi 76 cikin ɗari na 'yan mata ana aurar da su kafin su cika shekara 18. Saurayin da aka yi wa aure yanzu, sau da yawa, ba rumbun uba ke bayansa ba: yana Abuja ko Fatakwal yana ga-ruwa ko sayar da rake, yana aiko abin da ya samu in ya samu. Haihuwa tana nan yadda take, amma gona da rumbu da dattijon da ke tsawatawa duk sun kau.

Wanda ke biyan wannan bashi kuwa ba shi ne ya ci shi ba. Bari in tsaya a kan yarinya, domin a jikinta ake fara biya. Tsakanin 1976 da 1979, Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun bi diddigin haihuwa 22,774 a asibitin koyarwa na Zariya, suka tarar mutuwa wajen haihuwa ta fi yawa ga 'yan matan da ba su wuce shekara 15 ba, da matan da suka yi haihuwa da yawa, musamman waɗanda ba su taɓa zuwa awon ciki ba sai da abu ya ɓaci aka kawo su ranga-ranga. Sababin a fili yake: yarinya tana fara al'ada tun ƙashin ƙugunta bai gama buɗewa ba. Naƙuda ta zo, kan ɗa ya tokare. Ita kuma an hore ta da kunya, haihuwar fari ba a kuka, sai ta durƙusa a ƙuryar ɗaki tana cije baki, ungozoma na cewa a yi haƙuri, a jiƙa rubutu, wata tsohuwa ta ce gishiri ne a kira wanzami. Rana ta faɗi, wata ta fito, maigida ba ya nan, kuma babu mai ikon cewa a nemo mota. Kafin a isa asibiti ɗan ya mutu a ciki, naman da kansa ya danne ya ruɓe, mafitsara ta huje. Wannan shi ne ciwon yoyon fitsari, wanda likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya shafe shekaru yana ɗinkewa a asibitin Babbar Ruga ta Katsina tun daga shekarun 1980. Da yawa daga cikin masu kwanciya a can takardar saki ta riga su isa gida.

Wani zai ce, ai Nana Asma'u ma an aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima tana ƙarama. Gaskiya ne, amma a wane gida ta tashi, kuma wane gida aka kai ta? Ta fito daga gidan Shehu Usmanu, wanda a cikin Nurul Albab ya yi kakkausar suka ga malaman da ke karantar da almajirai su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Ta shiga gidan malami, wanda daga baya ya zama waziri, ta ci gaba da karatu da talifi da Larabci da Fulatanci da Hausa, har ta kafa ƙungiyar mata ta 'Yan Taru, tana naɗa jagorori mata da ake kira jaji suna kai karatu ƙauyuka. Aure bai yanke mata karatu ba. Yarinyar da aka cire daga aji biyar don an kawo kuɗin gaisuwa, wadda ba ta iya karanta takardar magani ba, ba ta kuma sauke littafin Ahalari ba, ba da Nana Asma'u za a kafa mata hujja ba.

Yanzu sai in juya ga shehunan malamai, ina mai neman afuwa, domin ɗalibi ne ke magana a gaban malamansa. Fuƙaha'unmu na mazhabar Malikiyya ba su ba aure hukunci ɗaya ba. Sun ce yana iya zama wajibi, ko mustahabbi, ko halal, ko makaruhi, har yana iya zama haram ga wanda ba ya tsoron faɗawa zina kuma ya san ba zai iya ciyarwa ba sai da haram. Sun ba uba haƙƙin ijbari a kan 'yarsa budurwa, amma domin maslaharta, sun kuma bambanta ɗaurin aure da tarewa, suka rataya tarewa ga iya ɗaukar yarinyar. Sun ba matar da miji ya kasa yi wa nafaƙa ikon kai ƙara alƙali ya raba auren, sun halatta azalu da yardar mace. Hadisin da ya kwaɗaitar da samari aure, shi ɗin ne ya umarci wanda ba shi da hali da azumi. Duk wannan yana cikin littattafan da ake karantawa a zaurukanmu, amma a kan mumbari sai mu ji rabin farko, rabi na biyu ya yi ɓatan dabo. Idan an yi magana sai a ce bakin da Allah Ya tsaga ba Ya hana shi abinci. Haƙiƙa arziki na Allah ne. Sai dai Shi ne kuma Ya wajabta ciyarwa a kan uba, ba a kan matafiyin da ya tsaya a tasha, yaro ɗan shekara shida ya miƙo masa roba ba. Tawakkalin da mutum zai yi da cikin ɗansa, alhali nasa cikin a cike, wannan ba mu same shi a wurin magabata ba.

Hukuma ta gwada nata. Dokar haƙƙin yara ta 2003 ta sa shekara 18, amma jihohin Arewa da dama sun daɗe ba su karɓe ta ba, kuma ko inda aka karɓa, ɗan sanda ba ya zuwa ɗaurin aure. A 2012 Hukumar Hisba ta Kano ta soma aurar da zawarawa, abin yabo ne, ko da yake yawan waɗanda suka fito neman takarda ya isa ya nuna mana yadda sakin wuri yake bin auren wuri a baya. A 2017 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Biyu ya kawo shawarar dokar iyali da za ta hana wanda ba shi da hali ƙara aure, aka yi masa caa, alhali abin da ya faɗa bai fita daga abin da fuƙaha'unmu suka faɗa ba.

A ganina, gyaran da zai kama ƙasa yana hannun waɗanda ke zama a kan tabarmar ɗaurin aure. Liman ba ya ɗaura aure sai ya tambayi sadaki, an ambace shi a gaban shaidu, ko da rubu'in dinari ne. Wakilin ango kuwa yakan amsa cewa sun ɗauki ci da sha da sutura da muhalli, a shafa fatiha, a raba goro. Babu abin da ya hana limamin, tun kwana biyu kafin taro, ya kira waliyyi gefe ya tambaye shi shekarun yarinyar, da ko an ji ta bakinta, da ko za ta ci gaba da karatu a ɗakinta, ya kuma tambayi ango sana'arsa da adadin waɗanda yake ciyarwa a yanzu. A wasu jihohinmu an riga an saba kawo takardar gwajin jini kafin a ɗaura, kuma jama'a sun karɓa ba tare da wata fitina ba, domin daga bakin malamai suka ji ta.

Ya shugaban wannan taro, na ga an miƙo takarda cewa lokaci ya yi. Akwai likitoci da alƙalai a zauren nan da suka fi ni sanin waɗannan babuka, ina roƙon a ba su dama kafin a shiga tambayoyi.