Motsa Jiki da Lafiyar Yara a Gidajen Hausawan Birni

Abin da masana kiwon lafiya suke kira motsa jiki ya wuce wasannin da ake yi a filin ƙwallo, domin ya ƙunshi duk wani aikin da tsokar jiki take yi wanda yake cin ƙarfi, tun daga tafiya a ƙasa da ɗebo ruwa har zuwa tsere da kokawa. Daga cikin rabe-rabensa akwai matsakaici, wanda numfashi yake ƙaruwa a cikinsa amma mutum yana iya magana, akwai kuma mai ƙarfi, wanda haki yake hana mai yinsa haɗa kalmomi. A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2020, ana son yaro mai shekara 5 zuwa 17 ya riƙa samun aƙalla minti 60 a kowace rana na irin wannan motsi, babba kuwa ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako. Wani binciken hukumar da aka buga a 2019 ya nuna cewa kashi 81 cikin 100 na matasan duniya masu shekara 11 zuwa 17 ba sa kai wa wannan mizani, kuma 'yan mata sun fi samari gazawa, kashi 85 a kan kashi 78.

Dalilin matsa wannan lamari yana cikin yadda aka halicci jiki. Tsokar da take aiki tana janye sukari daga cikin jini, wanda hakan yake rage wa sinadarin insulin nauyi, wato sinadarin da yake shigar da sukari cikin ƙwayoyin jiki, kuma gazawarsa ce take haifar da ciwon sukari. Ƙashi kuma yana ƙara kauri ne idan ana ɗora masa nauyi ta hanyar tsalle da gudu, kuma mafi yawan wannan gini yana kammaluwa ne a shekarun ƙuruciya da samartaka, ta yadda abin da ya kuɓuce a lokacin yake da wuyar samuwa daga baya. Saboda haka hawan jini da ƙibar da ake kaiwa asibiti a shekara arba'in, sau da yawa tun a shekara goma aka soma tara su.

Bahaushen da bai taɓa jin waɗannan alƙaluma ba ya daɗe yana cika su, saboda motsi yana cikin tsarin rayuwarsa. Yara maza suna langa da kokawa da wasan ɓuya, 'yan mata suna gaɗa a dandali idan wata ya yi haske, iyaye mata suna surfe da daka, maza suna noma da kiwo, kuma kusan ko'ina da ƙafa ake zuwa. Kokawa ma ta kai matsayin da Jamhuriyar Nijar ta mayar da ita gasar ƙasa tun 1975, inda jihohi suke fafatawa a kan takobi. Ba a cewa rayuwar da can ta fi ta yanzu sauƙi, domin injin niƙa da famfo sun raba mata da wahala mai yawa, sai dai ƙarfin da aka daina kashewa a bakin turmi ba a samar masa wata mafita ba.

A birane irin su Kano da Kaduna da Maraɗi abin ya fi fitowa fili. Yaro yana hawa adaidaita sahu ko babur zuwa makarantar boko, ya dawo ya wuce Islamiyya, da dare kuma ya zauna gaban talabijin ko waya. Makarantu masu zaman kansu da yawa a gidajen haya suke, babu ko filin da za a yi fareti, kuma a unguwanni da dama an yanka filayen wasa an gina shaguna. Ɗora wa yaro laifin lalaci a irin wannan hali rashin adalci ne, tunda manya ne suka sayar da filin, su ne kuma suka cika masa yini da zama.

'Ya mace ce ta fi cutuwa, saboda da zarar ta soma girma ake hana ta gudu da tsalle da sunan kunya, alhali kuwa ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha. Tsakar gida ta isa a yi tsallen igiya da gaɗa ba tare da an keta sutura ko mutunci ba, kuma uwar da take yi tare da 'ya'yanta tana kare kanta daga cututtukan da yawan zama yake jawowa.

Wajibi ne kuma a bambance motsa jiki da wahala. Yarinyar da take yawon talla cikin zafin bazara, ko almajirin da yake zagaye gari da yunwa, abinci da hutu suke bukata. Haka nan mai amosanin jini, wato sikila, da mai asma a lokacin ƙurar hunturu, sai da shawarar likita za a tsara musu wasa.

Ana kira ga hukumomin ilimi da kada su ba da izinin buɗe makarantar da ba ta da filin wasa ko yarjejeniyar amfani da na makwabta, ga masu unguwanni da su tsare sauran filayen da ba a yanka ba, ga iyaye kuma da su bar yara su taka zuwa makarantar da take kusa, su kuma ware wa 'ya'yansu mata lokacin wasa daidai da na maza.