SABUWAR DOKAR HARAJI DA RABON GARINMU
Jawabi a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Ci Gaban Gari

 

An umurce mu da mu yi tsokaci a kan gyaran haraji. Mu da muka manyanta mun san zamanin haraji da jangali, lokacin da dagaci ke tara kuɗi ya kai wa hakimi, hakimi ya kai baitulmalin En'e. An sha wuya ƙwarai, shi ya sa talakawa suka yi murna a 1979 da Gwamna Abubakar Rimi a Kano da Gwamna Balarabe Musa a Kaduna suka soke su. Amma duk da zaluncin da ke ciki, mai biya yakan ga makarantar elementare da ɗakin shan magani a gundumarsa. Da kuɗin man fetur suka yawaita, sai muka daina tambayar inda kuɗin hukuma ke fitowa, balle inda suke zuwa.

Yau man fetur ya kasa ɗaukar nauyin ƙasa. Kasafin 2025 ya kusa naira tiriliyan 55, giɓinsa kuwa ya haura tiriliyan 13, wanda akasarinsa da bashi ake cikewa. Wannan ne ya sa Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan dokokin haraji guda huɗu ranar 26 ga Yuni, 2025. A ƙarƙashinsu, wanda abin da yake samu a shekara bai wuce naira 800,000 ba, an ɗauke masa harajin kuɗin shiga. Harajin VAT na sayen kaya ya tsaya a kashi 7.5 cikin ɗari, an kuma cire shi daga kayan abinci na yau da kullum da magunguna. Wajen rabonsa, kason Gwamnatin Tarayya ya sauka daga kashi 15 zuwa 10, na jihohi ya hau daga 50 zuwa 55, na ƙananan hukumomi ya zauna a 35.

To, ina ruwan garinmu? Harajin da ake cira daga albashinku, jihar da kuke zaune ke karɓa, ba wadda aka yanke muku cibiya ba. Ɗan garin nan da ke aiki a Legas, titin Legas yake ginawa. Abin da ya rage wa gida shi ne kason ƙaramar hukuma. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Amma hukunci a takarda ba ya haƙa rijiya, sai an sami masu bibiya.

Saboda haka muna roƙon wannan ƙungiya abu biyu. Na farko, a kafa kwamiti na akantoci da lauyoyin da Allah ya albarkace mu da su, su riƙa duba kason da ake bugawa kowane wata, su zauna da shugaban ƙaramar hukuma cikin ladabi, su kawo mana bayani a wannan mujalla. Na biyu, a wayar da kan 'yan kasuwarmu su riƙa karɓar rasit a kan kowane kwabo da suka biya a kasuwa ko tasha, domin kuɗin da ba rasit aljihun wani suke shiga.

Jama'a, kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Hukumar da ta karɓi haraji ta ɗauki alkawari, mu kuma haƙƙinmu ne mu tuna mata. Gudummawar da muke tarawa duk shekara ba za ta kai kason wata guda ba.

Allah ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, ya maida kowa gidansa lafiya.