Tsohon Ambulan Shaidar Tarihi Ne



Ran 1 ga Nuwamba, 1925, jiragen sama uku na sojan Ingila suka sauka Kano daga Masar. A 1936 kuma kamfanin Imperial Airways ya soma jigilar wasiƙu tsakanin Hartum da Kano. Ambulan na wancan zamani, balle wanda matuƙin jirgi ya sa wa hannu, masu tara kayan tarihi a Turai suna sayensa da tsada, domin hatiminsa yana nuna rana da gari. Namu kuwa gara ke ci.

To, ku mutanen Jibiya, masu dangi a Katsina da Maraɗi, ku bincika adakar iyayenku. Kada ku ɓamɓare kan sarki, gama ambulan ɗungurungum shi ne shaida.