Dattijo da Saurayi a Bakin Kwata Ɗaya: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Magidantan Hausawa Mazauna Gudu

 

Shugaban taro, iyayenmu dattawa, malamanmu, iyayenmu mata da ke zaune daga can baya, da ƙannena samari da 'yammata, ina yi wa kowa barka da zuwa. An ce in yi magana a kan yadda za mu haɗa manya da yara su yi wa unguwa aiki tare. Zan roƙi iyayenmu su yi mini afuwa tun yanzu, domin akwai inda maganar za ta taɓa su, kamar yadda za ta taɓa matasan.

Na daɗe ina lura da cewa wuri ɗaya ne kawai a garin nan nake ganin dattijo da saurayi suna aiki kafaɗa da kafaɗa ba tare da an kira taro ba, wato maƙabartar Gudu. In an yi rasuwa, samari ke ɗaukar makara, dattawa ke nuna yadda za a sa mamaci, kowa ya san aikinsa, ba mai gardama. Da an watse kuwa sai dattijo ya koma tabarmar ƙofar masallaci, saurayi ya koma majalisar mai shayi, ba za su sake haɗuwa ba sai wani ya kuma rasuwa. Tambayata ita ce, me ya sa abin da muke iya yi wa matattunmu ya gagare mu yi wa rayayyunmu?

A garuruwan da muka fito, Kano ne ko Katsina, Zariya ko Maraɗi, an san aikin gayya. Sarkin samari ya yi shela, matasa su fito da fartanya, dattawa su raba aiki, mata su kawo fura. Iyayenmu kuma suna tuna duba-gari, wanda in ya shigo gida ya tarar da tsutsa a randa sai an ji a jika. Daga baya aka zo da Yaƙi da Rashin Ɗa'a a 1984, zamanin Buhari da Idiagbon, wanda ya bar mana al'adar sharar ranar Asabar ta ƙarshen wata. Mun zo Abuja da harshenmu da tuwonmu, amma gayyar mun baro ta a gida, muna cewa ai nan bariki ne, nema muka zo. To, mai neman nan ya shekara talatin, ya aurar da 'ya'ya, jikokinsa a nan aka yanke musu cibiya.

Wani zai ce mene ne haɗin kwata da bola da maganar haƙƙi, alhali mujallarmu ta haƙƙi ce. Haɗin yana da ƙarfi ƙwarai. Tsarin mulki na 1999, a sashe na 41, ya ba kowane ɗan Nijeriya damar ya zauna inda ya ga dama a ƙasar nan. Sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila ko asali ko addini. Sashe na 43 ya ba shi damar mallakar kadara a ko'ina. Amma sashe na 297 ya ce ƙasar Babban Birnin Tarayya duk tana hannun Gwamnatin Tarayya. Ma'ana, zamanmu halal ne, amma filin da muke kai sai da takarda da kuma bin tsarin gari. Waɗanda suka ga rusau na zamanin Malam Nasiru El-Rufa'i, tsakanin 2003 da 2007, sun san hujjojin da ake fara kawowa kafin katafila ta iso: an yi gini a kan hanyar ruwa, an toshe magudana, wurin ya zama juji. Unguwar da ta bar ledar fiya-wata ta cike lambatunta, ta rubuta wa kanta rabin takardar tashi da hannunta. Ba na cewa duk rusau adalci ne, Allah ya sani an cuci mutane da yawa. Abin da nake cewa shi ne kada mu miƙa wa kowa sandar da zai doke mu da ita.

Ga kuma ruwan kansa, wanda ba ya duba takarda. Maƙwabtanmu na Lokogoma sun sha ambaliya ba sau ɗaya ba, kuma kowa ya ga abin da ya faru a rukunin gidaje na Trademore da ke Lugbe a watan Yuni na 2023, motoci suna yawo a kan ruwa. A layinmu, daminar da ta wuce, ruwa ya shiga ɗakuna huɗu saboda katifa ɗaya da wani ya jefa a kwalbati. Samari ne suka ciro ta, amma wani tsoho ne ya nuna musu inda bakin kwalbatin yake, domin ƙasa ta binne shi tun kafin a haifi wasunsu.

Wannan ƙaramin abu shi ne dukan jawabina. Dattijo ya san inda ruwa yake bi tun wurin yana daji. Ya san wane ne ya fara zama, ya san dattawan Gbagyi da muka tarar a nan, waɗanda ƙasar kakanninsu ce tun kafin dokar 1976 da ta kafa birnin, kuma ya san yadda ake shiga gabansu da ladabi. A ƙarƙashin gadonsa akwai tsofaffin rasiɗai a cikin leda. Saurayi kuma yana da ƙarfi, yana da waya mai ɗaukar hoto, yana iya rubuta takarda da Turanci, ya san yadda ake cike fom a intanet. In dattijo ya je ofis shi kaɗai, sai a ce masa Baba dawo gobe. In saurayi ya je shi kaɗai, sai a tambaye shi wa ya aiko shi.

Bari in tuna mana wani abu mai ciwo. Ranar 20 ga Satumba, 2013, jami'an tsaro suka buɗe wuta a wani kangon gini a nan yankin Apo da Gudu, aka kashe mutum takwas, akasarinsu matasa masu tuƙa Keke Napep. Da ba su da kowa, da maganar ta mutu a nan. Amma ƙungiyar masu keke da babura ta tsaya, aka kai ƙara Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, kuma a watan Afrilu na 2014 hukumar ta yanke cewa a biya iyalan kowane mamaci Naira miliyan 10, waɗanda suka ji rauni kuma miliyan 5 kowanne. Kuɗi ba ya mayar da rai. Sai dai yaran nan suna kwana a kango ne a tsakiyarmu, kuma mu nawa ne a cikin dattawa muka san sunayensu kafin ranar? Haka da aka hana acaɓa a tsakiyar birni a 2006, haka da aka hana 'yan bola-jari yawo a cikin gari a farkon 2025: 'ya'yanmu abin ya fi shafa, kuma sai bayan an kama yaro ake neman wanda zai tsaya masa.

Yanzu ga iyayenmu. Ku yi haƙuri, ba a kiran saurayi gayya a ba shi shebur kawai, sannan in an zo zaman shawara a ce ya tashi manya za su yi magana. Tun 2018 aka gyara tsarin mulki, ɗan shekara 25 yana iya tsayawa takarar Majalisar Wakilai. Wanda doka ta yarda ya yi wa ƙasa doka, ai ya isa ya riƙe littafin kuɗin unguwa. Ku kuma ƙannena, ku daina cewa tsofaffi sun cinye kuɗin ƙungiya alhali ba ku taɓa zuwa taro kun nemi a karanta lissafi ba.

Abin da nake roƙon taron nan ya amince da shi kaɗan ne. Kowane layi ya fitar da dattawa biyu, mace ɗaya cikin iyayenmu, da matasa huɗu, har da 'yammata. Asabar ta ƙarshen wata a fito da shebur da manjagara da baro, musamman kafin ruwan Afrilu ya sauka. A ɗauki hoto kafin aiki da bayansa, a ajiye. A buɗe littafi a rubuta kowane magidanci da kowane yaro da ke kwana a shago ko kango, da garinsu da wanda ya san shi. In motar shara ta daina zuwa alhali ana biyan kuɗi, a rubuta wa Hukumar Kare Muhalli ta Abuja, wato AEPB, dattijo ya sa hannu, saurayi ya kai, a karɓo kwafi mai hatimi. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa wa mai neman bayani, kuma ba ta ce sai ɗan asalin gari ba.

Sai maganar ƙuri'a. Abuja ba ta da gwamna, ba ta da majalisar jiha. Zaɓaɓɓun da suka fi kusa da mu su ne shugabannin ƙananan hukumomi 6 da kansiloli 62, mu kuma muna ƙarƙashin AMAC. Yawancinmu katinmu na gida ne, lokacin zaɓe mu cika motoci mu tafi, mu dawo muna ƙorafin kansila bai san da mu ba. Hukumar zaɓe tana ba da damar mayar da rajista zuwa inda mutum yake zaune duk lokacin da ta buɗe rajista. Ina neman matasa biyar da za su zauna da wayoyinsu bayan sallar La'asar su taimaki duk dattijo ko uwa da ke son mayar da nata. Wanda ya yarda ya ba sakatare sunansa kafin a yi addu'ar tashi.