Ruwan rariya da filin unguwa: jawabi ga mutanen Maraɗi da na bakin iyaka

Iyayenmu maza da mata, malamai, masu unguwanni, matasa, ƴan'uwa na Maraɗi, Madarunfa, Ɗan Isa, Tsibiri da Gidan Rumji, muna gaishe ku da fatan alheri.

Ranar 13 ga watan Disamba 2020 za ku fita zaɓen kansiloli. Za ku ji alkawarin hanya, za ku ji na lakwal da na likita. Mu yau maganar da muka kawo muku ita ce wadda ƴan takara suke ƙyamar ɗauka a baki: ruwan da ke fita ta rariyar gidajenmu, da abin da ake kwasowa daga masai in ya cika. Ina suke zuwa? Wa ke shan wahalarsu? Kuma me magajin gari zai iya yi da ɗan kuɗin da ke hannunsa?

Kun san amsar tambaya ta farko. Ruwan wanka da na wanke-wanke yana bin rariya ya fito titi, ya kwanta ƙofar gida, yara su yi wasa a ciki. Magudanar da aka gina don ruwan sama ta cika da leda da yashi. Masu yashe masai suna neman inda ido bai kai ba, su zuba. Da damina ta sauka, sai ruwa ya kwashe wannan duka ya gangara da shi fadama. Tun da ambaliyar 1945 ta ci tsohon gari aka hau tudu, duk abin da Maraɗi ta zubar ƙasa yake nufa, wajen gulbi, inda rijiyoyi da garake suke.

Gulbin nan kuwa na mutane da yawa ne. Daga ƙasar Katsina yake fitowa, ya bi ta Jibiya, ya shigo Madarunfa, ya ratsa Maraɗi da Tsibiri da Gidan Rumji, sannan ya koma Najeriya ya haɗu da gulbin Rima. Abin da na sama ya zuba, na ƙasa ne zai sha. A watan Agusta 2019 an rufe iyaka, aka hana buhun shinkafa wucewa, amma ba a taɓa ganin ɗan duwan ya tsayar da ruwa ko ƙwayar cuta ya ce su kawo takarda ba.

Ku tuna da daminar 2018. Cutar amai da gudawa ta ɓulla a gundumar Madarunfa, ta bazu, ta kama fiye da mutum 3,000 a ƙasar nan, mafi yawansu a jiharmu, kuma an rasa rayuka masu yawa. Allah ya jiƙansu. Hanyar wannan cuta ɗaya ce: najasa ta haɗu da ruwan sha ko abinci. A 2020 kuma kun ga irin ambaliyar da aka yi, masai suka cika suka tumbatsa cikin gidaje. Ƙidayar 2012 ta nuna birnin Maraɗi yana da mutum fiye da 267,000, yawan jama'ar ƙasa kuma yana ƙaruwa da kusan kashi 4 cikin 100 kowace shekara. Gari na faɗaɗa, ruwan ƙazanta na ƙaruwa, wurin zuba shi na raguwa.

In kun yi wa masu mulki wannan magana, amsarsu guda ce: tashar tace ruwa sai manyan birane, sai miliyoyi, sai wutar lantarki dare da rana. Lalle irin wannan tasha mai injuna tana da tsada, kuma mu da ake ɗauke wa wuta lokacin zafi mun san ƙarshenta. Amma akwai wata hanya da aka daɗe ana amfani da ita a duniya, wadda kayan aikinta su ne tsakuwa, yashi, ciyawa da rana. Duka huɗun Allah ya hore mana su.

Ga yadda take. Ana haƙa fage mai faɗi, zurfinsa bai wuce mita ɗaya ba. A shafe ƙasansa da laka mai ƙarfi ko a shimfiɗa roba mai kauri, don kada ruwa ya tsiyaya ya sadu da na rijiya. A cika shi da tsakuwa da yashi hawa-hawa, a dasa ciyawa mai son ruwa a kai. Kafin ruwan ƙazanta ya shiga, sai ya bi ta raga mai tare leda da tarkace, da rami mai tare yashi da maiƙo. Daga nan ya ratsa cikin tsakuwa a hankali. A jikin tsakuwar da saiwar ciyawar akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne ke cinye dauɗar. Ciyawa na buɗe musu hanyar iska, tana hana fagen toshewa, tana kuma shan takin da ke cikin ruwan ta girma. Ruwa ya fito ta ɗaya gefen, ya washe, wari ya tafi. Abin da fadama take yi tun kaka da kakanni ke nan, sai dai wannan fadamar mutum ne ya auna ta, ya gina ta.

Wata masaniya ƴar ƙasar Jamus, Käthe Seidel, ita ta fara gwada wannan a shekarun 1950. Yau a Faransa dubban ƙananan garuruwa da shi suke tace ruwansu. Can suna lissafa kamar murabba'in mita 2 ga kowane mutum. Suna raba fagen farko gida uku: a zuba wa ɗaya ruwa kwana uku zuwa huɗu, a bar shi ya huta mako guda, a koma na gaba. Taɓon da ke taruwa a sama sai bayan shekara 10 ko fiye ake kwashe shi, ya riga ya zama kamar takin gona. In wani ya ce ai wannan ƙasar sanyi ce, ku gaya masa a Nimr, cikin hamadar Oman, an shimfiɗa ɗaruruwan hekta na irin wannan ciyawa ana tace ruwan da ke fitowa daga rijiyoyin man fetur. A Yawunde ta Kamaru masu bincike sun yi shekaru suna busar da abin da aka yaso daga masai a kan fage mai ciyawa. A Wagadugu, wadda zafinta da raninta irin namu ne, an gwada tace ruwan gidaje da gamba da jema. Gamba dai da kuka sani, wadda ake zana da ita. Zafi ma taimako yake yi, don ƙananan halittun nan sun fi aiki in akwai ɗumi.

Mun san tambayoyin da ke ranku, kuma kuna da gaskiyar yin su.

Sauro fa? Sauro yana ƙwai ne a ruwan da ke kwance a fili. A irin fagen da muke magana, ruwa ƙarƙashin tsakuwa yake tafiya, in ka taka sama ba za ka jiƙa ƙafa ba. Kududdufin da ke ƙofar gidanka yanzu shi ne gidan sauro.

Za a iya shan ruwan? A'a. Kada kowa ya ruɗe ku. Fagen yana rage ƙwayoyin cuta sosai, amma ba ya kawar da su duka. Wannan ruwa na ban-ruwan itatuwa ne, da ciyawar dabbobi, da gandun renon dashe, da kwaɓa ƙasar gini. Ba za a zuba shi a kan salati ko tumatir da ake ci ɗanye ba, sai in an ƙara masa wani mataki kuma an auna shi.

Wace ciyawa za a dasa? Masu zuwa Nguru da Haɗeja sun ga yadda kacala ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su. Ba za mu kawo abin da zai tsallake shinge ya shiga gulbi ko tafkin Madarunfa ba. Muna da gamba, muna da jema, muna da burgu. Ana yankan su sau da yawa a shekara, kuma kun san kuɗin damin ciyawa a kasuwa cikin watan Afrilu da Mayu, lokacin da mai kiwon rago yake rasa abin ba shi.

Ruwan majema da marina da mahauta fa? Wannan daban ne. Ruwan da ke da sinadari ko jini da kitse mai yawa sai an fara gyara shi a inda ya fito. A Kosodo, wajen Wagadugu, an haɗa ruwan masana'antu da na gari a tafkunan tacewa, aka ba masu lambu, gishiri da kanwar da ke ciki suka ɓata musu ƙasa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

To, ina gizo yake saƙa? Wajen fili. Wannan hanya ba ta cin wuta, ba ta cin kayan gyara daga waje, amma tana cin ƙasa. Ku yi lissafin da kanku: unguwa mai mutum 5,000, a ba kowa murabba'in mita 2, ya kama hekta ɗaya, wato kamar filin ƙwallo ɗaya da rabi. Kuma dole filin ya kasance a gangare, ƙasa da gidaje, don ruwa ya je da kansa ba tare da inji ba, sannan ya zama sama da inda ambaliya ke kaiwa. Irin wannan fili ba shi da yawa, kuma shi ne ake yankawa ana sayarwa. Duk sabuwar unguwar da aka yanka, ku dubi takardar: ga filayen gidaje, ga na kasuwa, ga na tasha. Ina na ruwan da mutanen za su zubar? Filin da aka bari don amfanin jama'a ma, shekara biyu uku sai ka ga an kewaye shi da bulo. Ranar da aka gina wurin, magana ta ƙare, sai dai a rushe gidan wani.

Birnin Kolkata na Indiya darasi ne. Gabas da shi akwai fadama mai hekta 12,500, inda ruwan ƙazantar birni ke bi ta tafkuna, rana da tsirrai su gyara shi, masunta su samu kifi, manoma su samu kayan lambu. An sa ta cikin jerin Ramsar na wurare masu dausayi a 2002. Duk da haka babban abokin gabanta har yau shi ne mai cike tafki ya yi gini.

Yanka filaye kuwa ta hannun ma'aikatar magajin gari yake bi, kuma a 2004 ne kuka fara zaɓen kansilolin da ke zaɓensa. Shi ya sa wannan magana ta zaɓe ce. Ga abin da muke ɗaukar wa kanmu, ku riƙe takardar nan shaida.

Na ɗaya, ba za a sa hannu kan yankan sabuwar unguwa ba sai an ware filin tace ruwa a gangarenta, an yi masa takarda da sunan jama'a, an kafa taswirar a bango inda kowa zai gani.

Na biyu, za a fara da ƙanana, a wuraren da ruwa ke taruwa wuri guda: wurin alwala na masallacin Juma'a, lakwal mai ɗalibai da yawa, gidan likita, tashar mota. A gina, a auna ruwan da ke fita, a karanta sakamakon a rediyo. Sai abin ya yi kyau a faɗaɗa zuwa unguwanni, da ƙananan bututu daga gidaje.

Na uku, za a keɓe wa masu yashe masai wuri guda na zubarwa, mai fage da ciyawa da shinge, nesa da rijiyoyi. Mutanen nan aiki suke yi mana wanda ba mai so. A ba su safar hannu da takalmi da wurin zuwa, sannan a hukunta wanda ya zuba a kwari.

Na huɗu, kowane fage zai samu mai kula da shi, da albashi a rubuce cikin kasafin kuɗin gari. Aikin ba wuya gare shi ba: share raga, juya ruwa daga wannan fage zuwa wancan, yankan ciyawa, korar awaki. Amma in aka bar shi wata uku ba mai dubawa, ya toshe. Mun gaji da ganin abin da aka buɗe da kiɗa da tuta, bayan shekara ya zama juji.

Na biyar, za mu zauna da hukumomin garuruwan da ke bakin gulbi, har da ƴan'uwanmu na tsallaken iyaka, don ruwa ɗaya muke sha.

Iyayenmu mata, ku ne kuke kwana zaune in yaro na gudawa, ku ne kuke share ƙofar gida ruwa ya sake dawowa. Matasa, ku ne za ku zauna a unguwannin da ake yankawa yau. Duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'arku, namu ne ko na wasu, ku tare shi da tambaya ɗaya: ina filin da ka ware wa ruwan unguwarmu? In ya nuna muku wuri, ku je ku gani da idonku. In ya kama kame-kame, kun san abin yi ranar 13 ga wata.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya kai mu ranar zaɓe lami lafiya. Wassalamu alaikum.