Bayan An Sallami Mai Shanyewar Ɓarin Jiki

Duk ranar 29 ga Oktoba duniya kan wayar da kai kan shanyewar ɓarin jiki. A nan Gombe, magana kan tsaya ga hawan jini, kuma daidai ne, shi ne babban sanadi. To, wanda ciwon ya riga ya kayar fa?

An sallamo shi daga Asibitin Koyarwa na Tarayya, ya koma Bolari ko can Nafada. Hannu a ƙanƙame, baki ya karkace, cokali na suɓucewa kafin ya kai baki. A watannin farko ne jiki ya fi amsa gashi da motsa gaɓoɓi, kuma a lokacin ne kuɗin mota ke ƙarewa, dangi su ce ai iska ce ta buge shi.

Nan ya kamata masanan Jami'ar Jihar Gombe su duƙufa. Mutum nawa ke daina zuwa gashi, kuma don me? Matar da ke juya shi dare da rana, wa zai koya mata atisayen, da Hausa ko Fulatanci? Hukumar inshorar lafiya ta jiha, wato GoHealth, kuma, mu matsa mata ta ɗauki kuɗin gashin nan har a asibitocin ƙananan hukumomi 11.