BA KOWACE ƘWAYA CE ABOKIYAR GABA BA: JAWABI GA MATASAN RUNKA

Wannan shi ne taƙaitaccen jawabin da wani ɗan'uwa ma'aikacin lafiya ya gabatar wa matasa a garin Runka, ƙaramar hukumar Safana, kan cutar asma da borin jini.

Bayan sallama, mai jawabin ya fara da tambayar 'yan'uwa: me ya sa yaron da ya tashi a ruga, yana birgima a garke, bai cika yin asma ba kamar yaron birni da ake goge masa hannu kullum? Ya ce a jikin kowane ɗayanmu akwai ƙwayoyin bakteriya kimanin tiriliyan 38, mafi yawansu a hanji, kuma galibinsu ba cuta suke kawowa ba. Su ne malaman garkuwar jiki tun daga haihuwa da shan nonon uwa. Garkuwar da ba ta samu wannan karatu ba sai ta riƙa kai hari kan abin da bai yi mata laifi ba, kamar ƙurar ɗaki ko gyaɗa. Shi ne ake ganin atishawa, ƙaiƙayi da toshewar ƙirji.

Ya ce a 1989 wani likita a Ingila mai suna David Strachan ya bi bayanan yara 17,414, ya ga wanda yake da yayye da yawa bai cika yin murar borin jini ba. A 2016 kuma aka gwada wasu al'ummomin manoma biyu a Amurka. Amish suna noma da dawaki, garkensu na kusa da gida, asma a yaransu kashi 5 ne cikin ɗari. Hutterite suna noman injina, dabbobi can nesa, nasu ya haura kashi 21.

Inda ya fi daɗewa shi ne kan binciken Burkina Faso na 2010. An duba hanjin yaran ƙauyen Boulpon, masu cin gero, dawa, wake da ganye, aka kwatanta da na yaran birnin Florence a Italiya. Yaran ƙauyen sun fi yawan nau'o'in ƙwayoyi, musamman masu narka dusar hatsi su fitar da sinadaran da ke kwantar da kumburin hanji. Ya ce, 'yan'uwa, wannan fa tuwonmu ne da miyar kuka da kwaɗon zogale, abincin da wasunmu suka fara jin kunyarsa a gaban Indomie da lemon kwalba.

Daga nan ya juyo gida. Ya ce hare-haren 'yan bindiga daga dajin Rugu, musamman a 2019 da 2020, sun kore shanu, sun tura iyalai daga ƙauyukan Batsari da Safana zuwa Katsina da Dutsin-ma. Yaron da aka haifa a ɗakin haya ya rasa garke, ya rasa furar gida, ga kemis a bakin ƙofa. Da ya yi mura sai a ɗura masa kafso ba tare da ganin likita ba. Mura ba ta jin kafso, amma ƙwayoyin hanjinsa suna mutuwa.

Sai dai ya ja kunne da kakkausar murya: kada wani ya fita ya ce an halatta ƙazanta. Ƙwayar kwalara da ta taifod ba malamai ba ne, makasa ne, kuma annobar kwalara ta 2021 ta shigo jihar nan. A wanke hannu da sabulu bayan bahaya, a kai yara rigakafi. Madarar shanu ma a tafasa ta kafin a yi kindirmo, don ɗanyarta na iya ɗauke da tarin fuka da bakkale.

Wani matashi ya tambaya ko ƙurar hunturu ma tana ƙarfafa jiki. Mai jawabin ya ce a'a, ita tayar da asma take yi. Wanda ciwon ya riga ya kama, kwana a garke ba zai warkar da shi ba. Ya je asibiti a rubuta masa abin shaƙa, ya riƙa yawo da shi a aljihu daga Nuwamba har zuwa Fabrairu.